Kasuwar Fankon Mai Sito

Shekara goma sha tara ta yi tana riƙe da makullin sito a wani babban gidan burodi, shi ya sa har yau, bayan ta ajiye aikin, babu mai kiranta da wani suna sai Mai Sito. Mace ce gajera mai saurin tafiya, wadda in ta shiga ɗaki, kafin ta zauna ta gama ƙirga abin da ke ciki. Ta san yawan cokulan gidanta, ta san na maƙwabciyarta. Mijinta, direban motar ɗaukar kaya, yakan ce ranar da suka fara haɗuwa ma, kafin ta amsa gaisuwarsa sai da ta gaya masa maɓallin rigarsa ɗaya ya ɓace.

A gidan burodin ta koyi abin da ya zama sana'arta. Ana juye fulawa, buhu ya rage. Ana kwashe bota, bokiti ya rage. Man girki ya ƙare, jarka ta rage. Waɗannan su ake kira fanko, kuma tun kafin ta zo aikin akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba: fanko na ma'aikata ne. Mai gidan burodin bai taɓa cewa ya ba su ba, bai kuma taɓa tambayar inda suke zuwa ba. Masu kwaɓi su ɗauki bokitai, masu gashi su ɗauki buhuna, ita kuma jarkoki. Da kuɗin jarka ta saya wa 'ya'yanta takalman makaranta tun daga na farin har na ƙarshen.

Masu saye kuwa ta ƙofar baya suke zuwa: mata masu haɗa sabulun ruwa, masu dama fenti, masu renon tsirrai, masu kiwon kaji. Wani ya zo neman bokiti talatin ya tarar da uku. Wata rana fanko ya taru har ya toshe hanya, babu mai saye ko ɗaya. Da gwiwa ta matsa mata ta bar aikin, wayarta ba ta bar ƙara ba. Wannan na neman jarka, wancan na neman wanda zai kwashe masa buhu. Ita kuma ta haɗa su, ta ce Allah Ya sa albarka, ta kashe waya.

Ƙaninta, wanda duk dangi ke kira Auta ko da yake gemunsa ya fara furfura, aikinsa gina wa makarantu da shaguna shafukan intanet. Wata rana ya zo cin abinci, ya ga yayarsa ta ajiye cokali sau bakwai don amsa waya.

Ya ce, "Yaya, ke fa kasuwa ce da kanki. Bari in cire kasuwar daga kanki in sa ta a waya, ko kya ci abinci da zafinsa."

Haka aka yi. Mai fanko ya ɗauki hoto ya sa, ya rubuta yawa da unguwa. Mai nema ya duba ya danna. Kafin shekara ta zagayo, masu sayarwa sun kai ɗari uku da goma sha biyu, masu saye sun doshi ɗari tara. Mai Sito takan faɗi waɗannan lambobi ga duk wanda ya tsaya, har mai kawo ruwa. Lamba ɗaya ce ba ta faɗa: abin da shafin ya shigo da shi. Babu ko sisi. Kuɗin ajiye shi a intanet ma daga kuɗin sallamarta na aiki yake fita.

Sai ga Auta wata safiya, bai ko karɓi shayi ba.

"Yaya, matata ta kusa sauka. Wani kamfani ya ba ni aiki, farkon wata mai zuwa. In shafin nan zai iya biyana wani abu, zan roƙe su in riƙa zuwa kwana uku a sati, sauran in duba miki shi. In ba zai iya ba, sai mu rufe."

"Mu rufe? To a bar shi mana yana tafiya da kansa."

"Ba ya tafiya da kansa. Ni ne nake tura shi ta baya ba kya gani. In na saki, sati biyu ya cika da 'yan damfara da hotunan da ba sa buɗewa."

Ta ce to ya gaya mata yadda sauran masu irin wannan kasuwa ke samun kuɗi. Ya duba tebur yana neman abin misali, bai samu ba, sai ya shiga ɗakin baya ya ɗebo murafen bokiti huɗu.

Ɗakin bayan nan tsohuwar rigima ce tsakaninta da Direba. A gidan burodi, in aka ɓamɓare murfin bota, wurgi ake yi da shi. Wani ya yi fifita da shi, wani ya zuba abinci a kai, sauran su tafi shara. Mai Sito ba ta iya ganin abu mai kyau a shara, don haka shekara da shekaru tana tahowa da su gida, uku yau, biyar gobe, ta wanke ta jera. Sun kai rufi. Direba na son ɗakin don tayoyinsa, kuma duk wata sai ya tambaye ta ko murafen sun fara haihuwa.

Auta ya jera huɗun a tebur. Ya taɓa na farko. "Kamasho. Duk cinikin da aka yi, mu cire wani abu." Na biyu. "Kuɗin wata. Mai sayarwa ya biya, ya sa kaya iya son ransa." Na uku. "Kuɗin hawa sama. Wanda ya biya, kayansa ake fara gani." Na huɗu. "Talla. Kamfanoni su biya mu liƙa sanarwarsu a gefe."

Ta dube su ta ce duk huɗun sun yi. Ya ce ɗaya za ta zaɓa. Ta sake dubawa, sai ta ga duk huɗun ba su yi ba.

"Wannan na ukun. In kowa ya biya ya hau sama, wa zai zauna a ƙasa?"

"Ba kowa zai biya ba."

"In ba su biya ba, ina kuɗin?"

Auta ya shafa gemu. Direba, da ke ɗaure takalmi a bakin ƙofa, ya ce, "Ƙanina, na riga ka shiga wannan ramin. Ka ba ta amsa ɗaya, ta haifa maka tambaya biyu."

A ƙarshe ta ɗora yatsa a kan kamasho, don shi ne ta sani tun a kasuwar ƙafa. Kashi biyar cikin ɗari. Ta zauna ta yi lissafi a ka, ta ga ya isa Auta, ya isa intanet, har da ragowa. Ranar nan ta yi girki tana waƙa.

Satin farko ciniki arba'in da ɗaya ya bi ta shafin. Sati na biyu, tara. Ta ɗauka fanko ne ya yi wuya a gari. Amma in ta fita titi sai ta ga bokitai a bayan motoci suna wucewa kamar kullum. Auta ya bincika ya ce mutane na ganin kaya a shafi, su ɗauki lambar wayar juna, su ƙarasa ciniki a waje. Ya ɓoye lambobin. Washegari masu sayarwa suka fara rubuta lamba da alƙalami a jikin bokitin da ke cikin hoto. Ya sa na'ura ta riƙa goge rubutun jikin bokiti. Wani mai gashi ya watsa fulawa a ƙasa, ya rubuta lambarsa da yatsa, ya ɗauki hoton buhunansa a gefe.

Mai Sito ta daɗe tana kallon hoton. Ta rasa ko haushi za ta ji.

Ta ce, "Ka san abin da ya dame ni? Da ina sito, abin da zan yi ke nan. Har na fi shi iya rubutu."

Abin da ya ƙarasa rikita ta, da yamma Direba ya dawo da farin fulawa a wuyan riga. Ta tambaye shi kayan wa ya ɗauko. Ya ce buhuna ne, daga wani gidan burodi zuwa wurin mai kaji.

"A ina suka haɗu?"

"A shafinki, in ji su."

"Suka biya kamasho?"

"Ni direba ne, uwargida. Ba a ce in tambayi buhu takardarsa ba."

"Wato a gidan nan kai kaɗai ne shafin ke biya."

"To ki gode Allah, ba bare ba ne."

Ta cire kamasho, ta koma murfi na biyu, kuɗin wata. Ma'aikatan gidajen burodi da na gidajen abinci suka ce su ba su san da wannan ba. Wani ya ce wata ɗaya yakan samu jarka goma, wata ɗaya babu, a kan me zai biya kullum? Auta ya ce ai irin wannan tsari ba da ma'aikaci ake yin sa ba, da kamfani ake yi. A nan ne Mai Sito ta ji kanta ya waye. Ta ɗaura mayafi, ta nufi tsohon wurin aikinta.

Ofishin mai gidan burodin na sama da murhu, ƙasan ɗakin da ɗumi, fanka na juyawa tana kaɗa takardu. Ya karɓe ta da fara'a, ya tambayi gwiwa, ya tambayi yara. Da ta kawo zancen shafi sai ya fara duba agogo. Ita kuwa ba a duba mata agogo ta yi shiru. Ta gyara zama.

"Ranka ya daɗe, gidan nan na fitar da bokiti arba'in a sati. Jarka goma sha biyu. Buhu ya haura ɗari biyu. Ka ninka da sati hamsin da biyu."

Ya daina duba agogo. Ta gaya masa farashin kowanne, ta haɗa masa na shekara a ka, ba ta ko numfasa ba. Ya jawo wayarsa ya danna, ya ga daidai. Ya sake dannawa.

Ya ce a hankali, "Duk wannan ta ƙofar baya yake fita?"

A take ya biya kuɗin shekara guda. Shi ne kuɗi na farko mai kauri da shafin ya taɓa gani. Mai Sito ta sauko bene tana manta ciwon gwiwa, ta kira Auta tun daga bakin titi ta ce ya kwantar da hankalinsa.

Bayan kwana biyu aka yi sallama a ƙofarta. Baba Mai Kwaɓi ne, tsohon da ya riga ta shiga gidan burodin, wanda ya nuna mata inda ake ɓoye makulli ranar da ta fara aiki. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya ce a tsaye ma ya isa.

"'Yata, an sa wa fanko kwaɗo. Mai gidan burodin ya ɗauko wani yaron gidansa yana ƙirga bokiti safe da yamma."

Ya ci gaba, yana tsaye.

"Shekara talatin mutumin nan bai san bokiti na da kuɗi ba. Mu ma ba mu yi masa ƙarya ba, bai tambaya ba ne. Ke kika hau bene kika koya masa ninkawa."

"Baba, ni shafi nake nema wa abin da zai ci."

"Ya ci. Kuɗin maganin hawan jinina ya ci." Ya gyara hula. "Ke da takalman 'ya'yanki duk warin man girki suke yi."

Ya tafi bai sha ruwa ba. Labari kuwa ya zaga sauran gidajen burodi kafin burodin ranar ya huce. Ma'aikata suka yi ta cire kayansu, kada masu gidansu su gani. Daga ɗari uku da goma sha biyu, masu sayarwa suka koma ɗari da arba'in. Ta koma wurin mai gidan burodin da kuɗinsa a jaka, ya ce shi bai ga laifin tsarin ba, yana jin daɗinsa. Ko da ya karɓa ma, ta gane a hanya, ba za ta iya cire masa lissafin daga ka ba.

Daga nan Mai Sito ta shiga yawon tambaya. Masu saye suka ce a caji masu sayarwa, ai su ke karɓar kuɗi. Masu sayarwa suka ce a caji masu saye, ai su ke da buƙata. Direba ya ce a sayar da shafin gaba ɗaya a sayi taya. Ta gwada zancen talla, kamfani ɗaya ne ya amsa, kuma sababbin bokitai yake ƙerawa, yana so a rubuta a saman shafin cewa tsohon bokiti na kawo cuta. Ta zauna gaban murafen nan huɗu tana matsa su, wannan gaba, wancan baya. Wanda zai biya, biyansa na kore sauran. Waɗanda ke cika kasuwar, ba za su biya ba. In ta bar shi kyauta kowa na sonta, Auta ya tafi. Ta zuba gishiri a shayin Direba, ya sha rabi kafin ya yi magana, don ya ga yanayin fuskarta.

Asabar ta ƙarshen wata Auta ya zo da kwamfutarsa don ya kwashe abin da ke ciki ya rufe. Yana cikin aiki sai ga Mai Sabulu, wata doguwar mata mai hannaye fari fat saboda sinadari, wadda tun zamanin ƙofar baya take saye a wurin Mai Sito. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Yaya Mai Sito, wannan shafin naku na marasa hula ne? Bokiti sittin na saya, murfi goma sha tara. Sabulun ruwa ne fa. In ɗora shi a mota a buɗe, in isa kasuwa da kumfa?"

"Ki yi haƙuri, yau ma rufe shi za mu yi."

"Ku rufe bokitaina tukuna."

Auta ya ɗago kai daga kwamfuta. Ya ce akwai wani abu da ya daɗe yana gani bai kula ba. Akwatin da mutane ke rubuta abin da suke nema yana ajiye kalmomin. Ya juyo da fuskar kwamfutar. Jarka ce ta uku, bokiti na biyu. Ta farko, da tazara mai yawa, murfi. Kuma duk wanda ya rubuta, shafin na amsa masa da babu.

Mai Sito ta dubi kwamfutar, ta dubi murafe huɗun da ke kan tebur. Ta miƙe, ta buɗe ɗakin baya. Mai Sabulu ta leƙa, ta ja da baya, ta sake leƙawa.

"Nawa-nawa?"

Matar da ta san farashin kowane fanko a gari ta tsaya tana ƙifta ido. Ba ta taɓa sa wa murfi kuɗi ba. Direba ne ya tsoma baki daga tsakar gida, ya faɗi wani farashi da sauri, irin na wanda ya hango wurin ajiye taya. Mai Sabulu ta rage kaɗan, ta ƙirga arba'in da ɗaya, ta biya, ta ce za ta turo 'yan ƙungiyarsu.

Auta ya ce, "Yaya, wannan fa ba ya cikin huɗun."

"To cikin nawa yake?"

"Ban sani ba. Wannan ba kuɗin shafi ba ne, kuɗin shago ne."

"Zai biya ka?"

Ya ci gaba da danne-danne. Maimakon ya rufe, sai ya sa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kowane hoton bokiti: Kana son murfi? Shafin ya koma kyauta ga kowa, lambobin waya a fili. Ya kira kamfanin ya ce kwana huɗu zai riƙa zuwa, ba uku ba, ba kuma biyar ba, don abin da murfi ke kawowa ya biya intanet ya kuma biya shi rabin abin da ya nema. Masu sayarwa suka fara dawowa da ɗaiɗai. Ba duka ba.

Sai dai ɗakin baya ya fara nuna bango, Mai Sito kuma ta fara lissafin ranar da zai ƙare. Tana cikin wannan tunani wata yamma sai ga Baba Mai Kwaɓi da buhu a kafaɗa. Wannan karon ya zauna. Ya kwance bakin buhun, murafe suka zubo, da sauran maiƙon bota a jikinsu.

"Bokiti ya sa wa kwaɗo. Murfi har yanzu shara ne a wurinsa."

Ta ɗauki ɗaya tana juyawa. "Baba, tsaya. Bokitan da yake sawa a shafina, babu murfi yake sa su."

"Haka nake ji."

"Masu saye su saya a wurinsa, su zo wurina neman murfi. Ni kuma in saya a wurinka. Murfin bokitin nasa."

"Ke kika iya lissafi."

"To gyara na yi ko ɓarna?"

"Ni dai na sayi maganina." Ya karɓi ruwan da ta miƙa masa, ya sha, ya nuna ta da kofin. "Abu ɗaya nake roƙonki. Duk ranar da kika ji lissafi na cin ki, ki zo ki yi mini shi. Kada ki sake hawa benen nan."

Auta, da ke gefe yana gyara shafin, ya ce akwai wurin da ake rubuta ko su wane ne su, da abin da suke yi, har yanzu babu komai a ciki. Me zai sa? Kasuwar fanko? Shagon murfi? Dillalai?

Mai Sito ta ajiye murfin da ke hannunta. Ta dubi Baba, ta dubi buhun, ta dubi Direba da ke ƙoƙarin tura taya ɗaya cikin ɗakin baya ta gefen murafen.

Ta ce, "Bar shi haka tukuna. Baba, matso da buhun. Ka ce saba'in ne, ni sittin da takwas nake gani."